Gonar da Malama Ta Bar wa Cuta

Gonakin tumatir na bakin rafi sun tsira bana daga cutar da ke ƙona ganye ta ruɓar da 'ya'ya. Gona ɗaya ce ta mutu murus, kuma ta malamar gonar da ta haɗa maganin ce.

Shugaban ƙungiyar manoma ne ya fara gani, a makon da Malama ta ajiye aiki. Ya je gidanta ne ya sanar da ita za a yi mata taron ban kwana, ƙanenta ya ce tana gona. Da ya kai bakin shinge ya ɗauka ɓatan hanya ya yi. Ganye ya yi baƙi tun daga tushe, 'ya'yan sun zube a kunya, ƙuda na bi. Wannan ce gonar da ta saya domin ta ci da kanta bayan ritaya.

Sama da shekara ashirin shugaban ya san aikinta. Da safe takan hura wuta a rumfar bayan ofis, ta cika tukunya da ɗoɗɗoya da na'a-na'a, wani lokaci da kanumfari, ta liƙe murfin. Tururi ya bi bututu ta cikin duron ruwan sanyi, man ganyen ya riƙa ɗiga a kwalba. Buhun ganye ba ya cika ƙaramar kwalba. Man take sirkawa da ruwa da ɗan sabulu, ta ce a fesa da yamma, domin idan rana ta same shi ganye zai ƙone. Shi ya sa ake ce mata Mai Ƙamshi. Ba ta taɓa cewa man yana maganin kowace cuta ba. Inda ta ga ya gaza, takan faɗa wa mai gona ya nemi wani magani.

Sharaɗinta ɗaya ne. Duk wanda ya karɓi mai zai bar layi guda bai fesa ba, don a kwatanta. Bana da ruwa ya yi yawa, manoma suka ƙi. Wani da ake kira Gardama ne ya yi magana a madadinsu.

"Malama, layin nan kwanon 'ya'yana ne. Kullum mu riƙa ciyar da cuta kamar baƙuwa?"

Aka yi dariya, har da shugaban. Ta ce ba komai, ta raba musu man. Babu wanda ya tambaye ta inda za a kwatanta.

Ranar da shugaban ya tarar da ita a gonar, yana bakin shingen ya cire hula ya mayar.

"Malama, man ne ya ƙare?"

"Akwai saura a rumfa."

"To me ya hana ki fesa?"

"Idan babu inda aka bari, baɗi wa zai san ko man ne ya yi aiki, ko cutar ce ba ta zo ba? Na haɗa layukanku a kaina, na ga sun kai girman gonata."

Ƙanenta, wanda ya biyo shi, ya ce, "Ka ji ko? Haka ta ce min. Na ce Yaya, ko rabi ki fesa. Ta ce in je in ci abinci."

Kafin yamma labari ya zagaya. Manoma suka yi ta zuwa suna tsayawa a bakin shinge, wasu hannu a baki. Gardama ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wato da haka tawa za ta zama?"

"Ban sani ba," in ji ta. "Amma yanzu kana da abin dubawa."



Ke ce, Malama, wadda ba ki yarda a gaskata ki da baki ba sai an gani da ido. Ke ce kika ɗauki asarar da aka saba rabawa tsakanin mutane da yawa, kika ɗora wa kanki, ba ki faɗa wa kowa ba. Mun gode. Masu ba manoma shawara su koyi faɗin iyakar abin da suka sani, manoma kuma su daina jin ƙyashin layi guda.

Cutar kan kwana a ƙasa, don haka babu tabbacin gonar za ta sake yin tumatir nan kusa, kuma Malama ba ta da wata. Ƙungiya ta ɗage taron ban kwana har sai ta zauna kan batun. Ita kuwa ta kwashe matattun tsirran ta ƙone, ta ja igiya ta raba filin biyu. Ta jiƙa ɓangare ɗaya da ruwan man, ta bar ɗayan yadda yake. Ta dasa tumatir a duka biyun, kuma har zuwa rubuta wannan, dashen bai nuna ko zai kama ba.