Babur ɗin Malam Dabo

Shekara arba'in da 'yan kai Baba Musiliu yana gyaran wutar babur a wata rumfar langa-langa a Fagge. A unguwar aka yanke masa cibiya, iyayensa ne suka zo daga ƙasar Yarabawa da fataucin atamfa, shi kuwa ya ƙi awon yadi ya kama waya. Mutum ne mai hannu, mai kuma taurin kan tsiya. In ya ce ga inda ciwon babur yake, to ko mai babur ɗin bai isa ya yi musu ba.

Amininsa guda ne a duniya, Malam Dabo na Kwaciri, Babarbare, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa. Bara ɓarin jikin Dabo ya shanye. Wata Asabar Musiliu ya je dubiya, Dabo ya nuna masa wani abu a zaure an lulluɓe da buhu. Tsohon babur ɗinsa ne, ƙaramin nan da ake kira roba-roba, wanda ya yi shekara talatin yana kai shi aiki.

"Ka tayar mini da shi, Musiliu," in ji Dabo, bakinsa a karkace. "So nake ka goya ni mu je tasha in sake ganin layin dogo. Yarana cewa suke in hau Keke Napep. Ni kaya ne? Kai zan riƙe, ba wani ba."

"Sati biyu," in ji Musiliu. "Ka dai rage cin tuwo, kar ka fasa mini taya."

Aikin ya soma da daɗi. Ya wanke tanki, ya sauya tayoyi, ya sa aka ɗinke kujera, ya zare tsofaffin wayoyin da ɓera ya ci ya ja sababbi. Bugu ɗaya babur ya tashi. Amma kwana biyu batir ya mutu, ham ya koma kamar kukan ɗan tsako, ƙwan fitila kuwa da an ja mai sai ya ƙone.

Musiliu ya ce rektifaya ce, wato ɗan ƙarfen da ke tura wuta cikin batir. Ya je Sabon Gari wurin Madam Ujunwa, wadda ya fi shekara ashirin yana sayen kayan babur a shagonta, ya karɓo sabuwa. Ba ta sauya zani ba. Ya koma ya karɓo wata, ya sauya batir, ya sauya koyil ɗin da ke samar da wuta a injin. Sati biyu ya zama bakwai. Kullum Hajiya Gumsu, matar Dabo, sai ta bugo waya ta ce malam yana tambaya, kuma jikin sai a hankali.

A zuwa na huɗu ya dangwarar da rektifayar a kan kantar Ujunwa, ya ce a gaban mutane jabun kaya take sayarwa. Ta kulle shagonta da tsakar rana ta bi shi har Fagge, ta tsuguna gaban babur ɗin. Ba ta yi minti biyu ba ta ɗago.

"Baba, wannan wayar wace kala ce?"

"Fara."

"Wannan fa?"

Ya kawo fuska kusa, ya daɗe. "Rawaya."

"A'a, Baba," ta ce a hankali. "Ai juya su ka yi."

Waya biyu ke fitowa daga injin irin wannan babur, fara ta caji, rawaya ta fitila. Duk wanda ya yi wata guda a sana'ar ya san haka, Musiliu kuwa ya koya wa mutum ya fi hamsin. Ya daɗe da sanin yanar ido ta soma rufe masa gani, shi ya sa ya daina hawa babur tun azumin bara, yana cewa gwiwa ce. Ayyukan yau da gobe hannunsa ya haddace su, sai wannan da ya ja waya tun daga tushe ya tona masa asiri. Ya zauna a kan benci, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ujunwa ta miƙa masa wayoyin ɗaya bayan ɗaya tana faɗin kalarsu, shi kuma yana haɗawa. Batir ya kama caji nan take.

Bayan la'asar ya tura babur ɗin da ƙafa har Kwaciri, yana bin gefen titi. Ya shigar da shi zaure ya tayar. Dabo yana kishingiɗe a tabarma, ya rame ƙwarai, amma da ya ji ƙarar sai fuskarsa ta washe.

"Shi ne! Wallahi muryarsa ce. Gumsu, miƙo mini hulata." Ya dubi amininsa. "Ɗaga ni mu tafi, tun da sauran rana."

Musiliu ya riƙe kan babur ɗin da hannu biyu, bai motsa ba.

"Dabo, turo shi na yi. Ba na ganin hanya. Fuskarka ma da ƙyar nake ganinta."

Hajiya Gumsu ta tsaya a bakin ƙofa da hular a hannu. Dabo ya daɗe yana kallonsa, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye. Musiliu ya lalubi makulli zai kashe injin.

"Bar shi," in ji Dabo. "Zo ka zauna kusa da ni. Bar shi ya yi ta yi har man ya ƙare."