Taliyar da Aka Gasa Saboda Baba Kafinta

Shekara arba'in da biyu Baba Kafinta ya yi yana riƙe ƙusa da haƙori. Ga aljihu, ga gwangwani a kan benci, amma shi sai ya jera biyar ko shida a baki, yana zaro su ɗaya bayan ɗaya yana bugawa, kuma a hakan yake hira da masu kawo gyaran kujera. Da haƙorin yake tsinka igiya, da shi yake buɗe kwalba idan mabuɗi ya yi masa nisa. Ranar da aka dafa kaza kuwa, ba mai wahalar zubar da ƙashi. Marigayiya matarsa ta yi faɗa har ta gaji, amsarsa ɗaya ce, wai kayan aiki Allah ya ba shi, ba ado ba.

To, kayan aikin sun riga mai su gajiya. Likita ya cire haƙora bakwai da suka rage, ya ce sai dasashi ya warke sarai kafin a auna masa na roba. Auta, ƙaramar 'yarsa, malamar makaranta, ta kulle shagon da hannunta, ta kawo shi gidanta a hawa na biyu, inda take zaune da mijinta, direban motar asibiti.

Auta mace ce mai tsari, kuma tsarin ne ya so ya kashe mata uba. Kullum sai ta dafa nasu, ta kuma dama masa nasa daban: dankali dakakke, romo, a wani ɗan kwano mai fulawoyi. Baba zai zauna a tebur, ya dubi kwanonsa, ya dubi farantansu, ya ce, “Ku ci, ni na ƙoshi.” A yi lallashi, a yi fushi, ko cokali ba zai taɓa ba. Cikin mako uku ya huda sabon rami a bel ɗinsa har sau biyu. Da suka koma asibiti, likita ya ce kilo shida ya zube, kuma bakin da ba ya samun abinci ba ya warkewa. In aka dawo bayan wata ɗaya a haka, gado za a ba shi. Auta ta yi kuka a mota, don tsoro ya kama ta sosai.

Wata Asabar da hantsi ta dawo ɗaukar jakar da ta manta, sai ta hango shi a kicin. Yana tsaye, ya juya wa ƙofa baya, yana tsoma burodi cikin shayi yana haɗiya da sauri. Ta koma da baya ba tare da ya ji ta ba. Ashe yunwa tana nan daram. Mutumin da ya ciyar da 'ya'ya shida da guduma ne ba zai iya zama a gaban suruki ana ba shi abincin jarirai a kwanon daban ba.

Ranar ba ta je inda za ta ba, kasuwa ta nufa. Ta tafasa kaza da albasa da tafarnuwa har naman ya fara barin ƙashi da kansa, ta zauna ta yayyage shi siriri siriri, tana laluben kowane ɗan ƙashi da yatsa. Makaroni kuwa ta bar shi a wuta ya wuce yadda ta saba. Ta narka bota, ta zuba fulawa cokali uku tana juyawa, ta riƙa tsiyaya madara kaɗan kaɗan don kada ya yi gudaji, ta ƙara ludayi biyu na romon kazar, da gishiri da masoro. Da ya yi kauri har yana kama bayan cokali, ta juye komai a babban kwanon gashi, ta barbaɗa cuku a sama, ta tura a oben, wato murhun gashi.

Ƙamshi ya jawo Baba har bakin ƙofa.

“Auta, me ake ƙonawa?”

“Ba ƙonawa ba ne, Baba, gashi ne. Wata abokiyar aikina ce ta koya mini.”

Ya sunkuya ya leƙa ta gilashi, ya daɗe. “Wannan oben ɗin naki a karkace yake. Dubi ruwan, duk ya gangara hagu.” Ya tafi ɗaki, ya dawo da ɗan guntun katako, ya sa mijin Auta ya ɗaga gefe, ya cusa a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Wannan ne aikin farko da ya yi tun da aka rufe shago, kuma har aka sauke abinci yana bayani a kansa.

Ta dire kwanon a tsakiyar tebur, sama ya yi ja, gefe yana tafasa. Faranti uku iri ɗaya ta jera. Ta kwashe ƙanzon sama ta zuba wa mijinta, ta nutsa cokali ta ɗebo wa Baba na ciki mai laushi, tana ta zancen makaranta don kada ta dube shi. Direban ma, Allah ya yi masa albarka, ya kafa ido a farantinsa. Sai suka ji ƙarar cokali.

“Gishiri ya yi kaɗan,” in ji Baba, ya miƙo faranti a ƙara.

Daga ranar gidan ya koma gidan gasasshiyar taliya. Yau da alayyafo, gobe da karas, jibi kuma yadda aka fara. Mijin Auta, mai son nama da ƙashi, ya same ta a kicin ya ce a hankali, “Malama, na kusa manta yadda ake tauna.” Ta nuna masa ƙofa da ludayi. Bai sake magana ba, kuma ko sau ɗaya bai ci wani abu a waje ya dawo yana cewa ya ƙoshi ba.

A kwana na ashirin da uku, Baba ya gama cin nasa, ya ajiye cokali, ya dubi surukin da ke tura makaroni daga wannan gefe zuwa wancan.

“Auta.”

“Na'am, Baba.”

“Gobe ki soya wa mijinki kaza. Mutum yana tuƙa marasa lafiya tun safe, ya dawo ya tarar da na marasa lafiya.”

“Ai muna son wannan ɗin, Baba.”

“Ke dai kina so. Na ga yadda kike laluben ƙashi tun ranar farko, ba makaho ba ne ni.” Ya shafa gefen tebur da tafin hannu. “Kunya ce ta hana ni ci, kuma kun ɗauke mini ita, ku biyun. Na gode. Ki yi naku, ki gasa mini nawa a ƙaramin kwano. A nan zan zauna in ci.”

Auta ta tashi da sauri ta fara tattara farantai, don idonta ya cika. Mijinta ya karɓe su daga hannunta, ya ce ta zauna kusa da Baba, shi zai wanke.