Karangiya a Turmin Bale

Shekarar da hatsi ya ƙone tun bai fidda kai ba, soji na mulki, maigidana ya tafi cin rani Najeriya ya bar ni a Kona da ɗiya ƴar wata tara. Sai mushen lakwal, malamin makarantar garinmu, ya tara mata za a yi bale, rawar nan da ake shiryawa a nuna ma manya. Duk wadda ta shiga tana samun tiya guda, wato kwanon awo, ta jar dawa ran Juma'a, kuma in juri, alƙalan wasan, suka zaɓe mu zuwa Maradi, dawar ba za ta yanke ba har damina. Ni ban iya rawa ba. Nonona ne ya fara ƙafewa, shi ya sa na shiga.

Sabon balen na kaka ne: mu yi daka, mu yi shiƙa, muna waƙar rumbu ya cika. Mushe ya ce a zuba rairayi a turame, don kowa ya san kukan turmi wofi.

Ranar wasa a Tasawa na kasa daurewa. Yaya zan ƙarar da ɗan ƙarfina bisa rairayi, ga karangiyar da na kwana biyu ina tarawa? Ita muke ci lokacin, a daka ƙayar ta fita, a sami ƴan ƙwayoyi. Na juye ta a turmina, ban gaya ma kowa ba.

Da muka ɗaga ƙwarya don shiƙa, iskar la'asar ta kwashi ƙaiƙayin nawa ta kai teburin juri. Ina rawa ina kallon wani babban soja yana cire ƙaya daga wandonsa, yana juya ta a yatsa.

Juri suka ce kiɗa ya yi, amma ƙafafu ba ƙarfi, kuma wasan ya zubar da mutuncin yanki. A kasuwa kuwa tsofaffi na raɗa cewa turmi guda ne ya faɗi gaskiya. Aka kira mushe wurin hukuma, sai da ya kwana uku ya dawo. Ya same ni bakin rijiya, bai yi faɗa ba.

"Ƙanwata, da kin gaya mani, da na tsayar da ke inda iska ba ta bi ta kansu."

Dawa ta yanke, ba tawa kaɗai ba. Matan balen suka daina amsa gaisuwata, ban ga laifinsu ba. Da wata ya kama na kai ɗiyata wurin innata can gefen Mayahi, ita tana da akuya mai nono. Na dawo da ƙafa, zanen goyo a ninke bisa kaina.