Kazar da Kwamanda Ya Cinye

Kakar bana ta cika shekara arba'in da rasuwar kakata Hajjo, maɗoriyar ƙauyen Kwaya. Allah ya jiƙanta da rahama. Da hannuna na dama nake rubuta wannan waiwaye, kuma in gaskiya za a bi, hannun nata ne, aro ta ba ni.

Zamanin Faransa ne. Ina saurayi, ban daɗe da kafa keken ɗinki a kasuwar Magariya ba. Rawar kai ta sa na hau can ƙololuwar buhunan gyaɗa a bayan kamiyo, babbar motar kaya, don 'yan mata su gan ni. Sun kuwa gan ni, ina faɗowa. Tsintsiyar hannuna ta karye, yatsu suka kumbura suntum. A gidan likita aka ce sai an kai ni Damagaram. Ni kuma na sha jin ana cewa mai karaya in ya je can, guntule hannun ake yi. Ƙarya ce, amma tela mai hannu ɗaya me zai ci? Ban ko koma ɗaki ba, na nemi jaki sai Kwaya.

Hajjo ta dubi hannun, ta dube ni. “Maigida, ka ga aikin burga ko?” Haka take kirana, wasan kaka da jika. Ta sa ƙarti biyu suka danne ni, ta ja, ta murɗa, na kira sunan uwata har maƙwabta suka leƙo. Ta shafa man shanu, ta jera kara, ta ɗaure. Sannan ta yi abin da maɗoran ƙasarmu suka gada: ta kamo wata jar kaza ta karya mata ƙafa, ta yi mata ɗori irin nawa. Ta ce, “Ranar da ta taka, ka warke. In ka kwance kafin nan, ruwanka.”

Ni mutum ne da ba na iya zaman wuri ɗaya, har yau matata tana fama da ni. Amma sai ga ni a gindin itacen bedi, ni da kaza, ina ba ta gero da hannun hagu, ina korar mata zakaru.

Kwana tara da ɗorin, kwamanda, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, ya zo rangadi. A wancan zamani in ya sauka gari, gardawansa masu jar hula kan bi gida-gida suna tara kaji da ƙwai. Gardin da ya shigo gidanmu ya bi kajin Hajjo har ya yi haki, bai kama ko ɗaya ba. Sai ya hangi wadda ba ta gudu. Ina bayan gida lokacin, Hajjo kuma ta tafi duba wani mai targaɗe. Na fito na tarar da igiyar da nake ɗaure ta da ita kawai.

Na ruga masaukin bakin gari, hannu rataye a wuya. Na iske kuku ya fige ta tas, ga karan ɗorin yashe cikin gashi. Wallahi kuka na yi, ƙato da ni. A zuciyata hannu ya mutu, keke ya tashi aiki, aure ma sai dai in ji ana yi.

Da Hajjo ta dawo na faɗa mata. Ta juya baya, kafaɗunta na rawa, na ɗauka ita ma kukan take. Can ta juyo da fuska a murtuke ta ce, “To, ƙafar tana cikin kwamanda yanzu. Ranar da ya dawo Kwaya ya sauko daga mota da ƙafafunsa, a ranar zan kwance ka.”

Kaf ƙasar nan, daga Dungas har Dogo-Dogo, ba na jin akwai wanda ya taɓa roƙon Allah ya dawo da kwamanda lafiya sai ni. Duk fataken da suka fito daga Magariya sai na tare su: yana cin abinci kuwa? Ba ya ɗingishi? Da aka ce zazzaɓi ya kwantar da shi, ni ma ban ci tuwo ba ranar. Mutanen gari suka fara kirana ɗan Nasara. Sai bayan wata guda da 'yan kwanaki ƙurar motarsa ta ɓullo. Kowa na ɓoye kajinsa, ni ina gaba-gaba ina washe baki. Ya diro da ƙafa biyu. Hajjo ta kwance karan, ta miƙo mini allura da zare, na zura a karo na biyu.

Yau ina kallon 'yan kabu-kabu ana kwasarsu zuwa likita, ina tunanin da Hajjo na raye me za ta ce. An nuna mini hoton ƙashi, yatsu biyar ɓaro-ɓaro kamar ƙiraren tuwo. Na ji lokotoro, wato likitoci, suna ta bincike, suna ɗinke jijiyar yatsa, suna sa ƙarfe a ƙashin baya mutum ya tashi ya yi tafiya. Na san ba za ta yi kishi ba. Ko a da, in an kawo mata wanda ya faɗo daga dabino bayansa ya taɓu, ba ta sa masa hannu. Cewa take wannan ya fi ƙarfinta, a kwantar da shi kan ƙyaure kada a lanƙwasa shi, a kai wa lokotoro. Abin da zai ba ta haushi shi ne samarin da ke fasa simintin ɗorin hannunsu da guduma bayan sati biyu don su koma kan babur. Da ta zazzage su son ranta.

Sai da ta tsufa tukuf, tana jinyar ajali, na tambaye ta ko da gaske ƙafar kaza ta shiga jikin kwamanda. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. “Maigida, kaza ba ta ɗora ƙashi. Ƙashi kwana arba'in yake so, mutum kuwa ba ya iya haƙurin kwana arba'in don kansa. Sai an ba shi abin da zai zuba wa ido. Maigari ne ya gaya mini ranar da Nasaran zai dawo.”

Ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Abin da ta bari yana yawo a ƙauyukanmu: tsofaffin da suka yi noma da hannun da ta ɗora, har da ni da na ciyar da 'ya'ya tara da almakashi. Ranar da ta cika, aka ce a kira wani ya haɗa likkafani, wai ni jika ne, hannuna zai yi rawa. Na ce a ba ni allurar. Bai yi rawa ba ko kaɗan, ai ɗorinta ne.