Yaya, Wa Zai Duba Mini Sama Yanzu?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran yayana, mai ɗaura wa mutane dish ɗin talabijin, wanda 'yan unguwa ke tsokana da suna Mai Baƙin Sama. Ni ce autar gidanmu.

Yaya, mutane sun san ka da madubin hangen nesan da ka haɗa da bututun ruwa, da hirar halittun wasu duniyoyi wadda ba ka gajiya da ita. Wasu har cewa suke ka taɓu. Ba su san saboda ni ka fara ba.

Muna yara Inna ta aike mu saman bene kwaso shanya bayan la'asar. Na ɗaga kai na ga wani abu kamar murfin tukunya, fari fat, tsaye cak a kanmu, ba fiffike, ba ƙara. Kafin in ƙifta ido ya ɓace ɓat. Na ƙwalla ihu har na saki fitsari. Kai kuwa ka ci gaba da ninke zannuwa, ka ce ba ka ga komai ba. Tun daga ranar ban sake samun natsuwa a fili ba. Aka yi addu'o'i, aka je asibiti, tsoron yana nan.

Kai ka zame mini magani. Duk abin da na hango sai in kira ka, ko kana kan rufin wani za ka ajiye sufana ka tambaye ni launinsa da inda ya dosa. Sai ka yi dariya ka ce jirgi ne, ko balan-balan ɗin masu auna yanayi. Akwai ranar da ka ratso gari a kan babur cikin zafin rana, ashe leda ce iska ta ɗaga. Ka daɗe kana kirana Hajiya Leda, amma ba ka taɓa ƙin ɗaga wayata ba.

Ana gobe za ka rasu, a asibiti, ka ce in ja labule in rufe taga. Ka riƙe hannuna, tafinka ya yi sanyi ƙalau.

"Auta, na ranar shanya, ni ma na gan shi. Na yi shiru ne don kada mu zama matsorata biyu. Duk binciken nan shi nake nema, kuma har yau ban san mene ne ba."

Wallahi Yaya, da ma ka tafi da maganar nan! Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Shekaranjiya ina shanya, kaina a sunkuye, wani abu ya ƙyalla ta gefen idona. Ban san lokacin da na danna lambarka ba. Sai na ji wayarka tana ƙara daga cikin ɗakina, inda na adana ta bayan matarka ta ba ni ajiya. Na tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu har ta katse, ban ɗaga kai ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna da matarka da 'ya'yanka, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah Ka jiƙan Yaya, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka makwancinsa. Yayana ya ɓoye tsoronsa tun yana yaro don in samu barci. Ya Allah, kada Ka bari ya sake jin tsoron komai.