Irin Geron Inna Tumba

Ranar Laraba ce, kwana biyu bayan ruwan shuka, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Mun fito hutun tara ke nan muka hango farar a-kori-kura gindin tsamiyar ƙofar mai gari, a ƙauyenmu da ke kusa da Maikujera. An jera baƙaƙen ledoji a ƙasa, kowace da ɗan tsiro, wani mai tumbi da hular hana-sallah ya ɗaga ɗaya sama kamar jariri ranar suna. Muka kutsa tsakanin manya muka leƙa, sai dariya ta kama mu. Bini-da-zugu ne, shi dai wanda ake shinge da shi don ko akuya ba ta cinsa, wanda muke karya reshensa mu tsoma zoben ciyawa a ruwansa mu hura kumfa, ya bar mana tabo a riga mu sha duka a gida. Mutumin ya ce daga ƙwayarsa za a tatsi man da motoci da jirage za su sha, kowane manomi zai zama mai rijiyar mai a gonarsa. Sharaɗin kawai shi ne kada a haɗa shi da wata shuka.

Babana maƙeri ne, gona ɗaya gare shi, ita ke ciyar da mu. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son a ce shi ya fara. Kafin la'asar ya dawo da hula irin ta mai tumbi da jaki biyu na ledoji. Kakata Inna Tumba, wadda ta haife shi, tana tsintar wake a bakin ɗakinta, ta dube shi ta ce, "Kai wanga, in motoci sun sha sun ƙoshi, ɗiyanka mi za su ci?" Ya ce, "Inna, da kuɗɗi a ka sayen hatsi." Ta ci gaba da tsintarta.

Inna Tumba tana da wani irin gero da ta zo da shi daga gonar mahaifinta, gonar da ruwan madatsar Goronyo ya shanye tun kafin a haife ni. Gajeren zangarniya gare shi, yana riga na kowa nuna, furarsa kuma tana da wani ƙanshi da har maƙwabta suka sani. Duk kaka ita ke riga masu girbi shiga gona, ina biye da kwando, tana latsa zangarniya ɗaya bayan ɗaya tana zaɓen masu cika. A gida ta barbaɗe su da toka, ta ɗaure, ta rataye a rufin ɗakinta inda hayaƙi ke kaiwa. Wajen wannan iri kam marowaciya ce ta gaske, ko liman bai taɓa samun zangarniya ɗaya ba. A waccan damina, karon farko a rayuwarta, damin ya kwana a rufi bai ga gona ba. Ta gwada 'yan ramuka a bayan gida, da yake shi kaɗai ya nuna da wuri a unguwar, tsuntsaye suka yi masa rubdugu duk da gwangwanin da na wuni ina bugawa.

Aikin bini-da-zugu kuwa mu yara ya faɗo wa. Da rani mu yi ta jigilar ruwa daga rijiya muna ba shi, ruwan da Inna Tumba ke mana faɗa in mun zubar da ko moɗa ɗaya. Gara ta ci rabinsa. Wanda ya rayu sai a shekara ta uku ya yi 'ya'yan kirki, kuma ba ya nuna lokaci ɗaya, kullum bayan makaranta sai mun je tsinka, mu zauna ɓara har hannu ya yi baƙi, yana wani ƙarni mai tayar da zuciya. Langa da 'yar gala-gala duk muka bar su. Baba ya share rumbun gero da hannunsa, ya yi bisimilla ya juye baƙar ƙwayar a ciki. Masu mota ba su dawo ba. Ya je Raba ya je Wurno yana cigiya, ya iske ofishin da aka kwatanta masa ya koma shagon cajin waya. Maƙera ma ta mutu, don wanda bai shuka hatsi ba me zai yi da sabuwar kalme ta noma?

A tsakiyar daminar da ta biyo baya abinci ya yanke mana. Kwana uku muna kan tafasa da rama, ƙanena Sani ya daina kuka ya koma kwanciya kawai. Ga rumbu cike har wuya da abin da ko kaza ba ta tsattsaga, an ma kafa mana doka kada mu kusance shi don guba ne. Da hantsin rana ta huɗu Inna Tumba ta kira ni ta ce, "Hau turmi ki sauko min da damin irin ga." Na tsaya ina kallonta. Ta ce, "Sauko da shi, ɗiyata, ba a shuka ga kushewa." Ni na sussuke shi, ni na sheƙe, ni na surfa. Baba ya fice daga gidan tun da ya ji tashin taɓarya. Aka yi tuwo, kowa ya ci, ban da ita. Ni har ƙari na nema, kuma har yau in na tuna sai in ji ƙyamar kaina, ko da yake na san shekarata goma sha biyu.

Da aka tumɓuke itatuwan, irin kasuwa Baba ya shuka, shi ake shukawa har yanzu. Inna Tumba ba ta sake riga masu girbi shiga gona ba. Yanzu ina koyarwa a Sakkwato, lokaci-lokaci nakan ji a rediyo ana shelar wani sabon shiri na mai daga rake ko rogo, da murya irin ta mai tumbi, sai in ji ƙarnin nan ya taso min. Ban ce mai daga shuka haramun ba ne. Amma ban taɓa jin wanda ya fara da tambayar abin da ke rataye a rufin ɗakin tsofaffi ba. Na bi kasuwar Achida da ta Goronyo layi-layi ina kwatanta gajeren zangarniyar nan, 'yan hatsi su girgiza kai. Ashe wanda ya rage a duniya ke nan, muka cinye shi a zama ɗaya.