Kumatun Mumuni

Har gobe ba na mantawa da safiyar da Alhaji Seidu ya kawo mini ɗan ƙaninsa Mumuni rumfarmu a unguwar Nima. A shekarun tamanin ne, ina aiki ƙarƙashin Sarkin Aska, wato shugaban wanzaman unguwa. Ku yaran yanzu aski kawai kuka sani, amma mu har ƙaho da sakiya muna yi. Sakiya ita ce a tsaga maruru da ya nuna, a fitar da mugunya.

Alhaji mai motoci ne a unguwar Tudu. Mumuni kuwa saurayi ne da ya gama koyon tuƙi, ana jiran ya ɗauki hoton lasisi. Ya zo ya rufe fuska da tawul. Da ya buɗe, sai na ga kumatunsa na hagu ya kumbura, ƙuraje uku manya sun haɗe, suna ƙyalli. Ya shafa lemun tsami, ya shafa kanwa, har fata ta ƙone. Tausayinsa ya kama ni.

"Wanzam, yanka shi yanzu yanzu," in ji Alhaji. "Yaro ba ya barci kraa, ko kaɗan. Hoto yana jira."

Ƙa'idarmu ita ce a taɓa kafin a zare aska. Na taɓa, Mumuni ya zabura. Abin da tauri, can cikin nama yake, ba shi da baki. Wannan ba maruru ba ne, manyan ƙurajen samartaka ne masu zurfi. In ka tsaga, jini za ka samu, sannan tabo. Kuma tabo uku a kumatu, ai tsage ke nan. A lokacin, direba mai tsage a fuska yana shan tambaya a shingen hanya, ana ɗaukarsa baƙo daga wata ƙasa, ko da a Maamobi, nan maƙwabtanmu, aka binne cibiyarsa.

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, wannan ba na aska ba ne."

"Ei! Wanzam yana tsoron jini?"

Mutanen benci suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ba mai haƙuri ba ne. Sarkin Aska ya taso daga tabarmarsa, ya taɓa da kansa, ya ce, "Alhaji, in ka matsa, wani zai yanka maka a bayan kwata. Amma ba a rumfata ba."

Na aika wurin Maame Akosua, mai sayar da ruwan sanyi a bakin titi, ta fasa mana ƙanƙara. Na naɗe a tsumma mai tsabta, na ɗora masa. In sanyi ya ishe shi a ɗauke, a huta, a sake. Can sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce, "Baba, zugin ya ragu paa, sosai." Na hana shi matsa, na hana shi kanwa, na ce sabulu da ruwa kawai, kuma gobe ya je asibiti. Alhaji ya tafi bai yi mini sallama ba.

Kwanakin da suka biyo baya hankalina bai kwanta ba. Duk wanda ya doso rumfa da tawul a wuya, sai in zaci Mumuni ne ya dawo, wani ya yanka masa.

Sai wata Juma'a ga Mumuni, fuska a buɗe. Likita ya yi wa ƙurajen 'yar allura, ya ba shi ƙwayoyi, kumburin ya sace, sai ɗan duhu da ya rage. Ya nuna mini lasisi da hotonsa. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini kaya daga ka. Alhaji ma ya aiko da goro, ko da yake bai taɓa tayar da maganar ba.

Abin da na koya shi ne, mutane suna zuwa wurinmu da ciwo da gaggawa, su ce yanka, kuma wanzami shi kaɗai zai iya cewa a'a. Mumuni ya yi ta zuwa gyaran fuska har gemunsa ya yi furfura. Duk lokacin da askata ta bi ta kumatun nan na hagu, sumul take wucewa, ba ta taɓa cin karo da komai ba.